Kyarkeci Mai Ƙararrawa

"Wannan wane irin kare ne?" in ji Baffa, yana leƙen wayata.

Muna cikin mota ne daga Gumel za mu kasuwar Maigatari. Baffa ƙanin mahaifina ne, tun tasowarsa kiwo yake yi.

Na ce masa ba kare ba ne, kyarkeci ne da nake kiwo a cikin wani wasan waya. Na nuna masa kayan adon da na tara masa: shimfiɗar fata, fitilu a bakin kogonsa, da ƙararrawar zinare a wuya, wadda sai da na yi wata biyu ina tara maki kafin na same ta.

Baffa ya daɗe yana kallo.

"Ƙararrawa a wuyan mai farauta? Ai kafin ya iso kowace dabba ta gudu. To me yake ci?"

"Ni nake ba shi, Baffa, safe da yamma."

"To ai na faɗa maka, ɗana. Kare ne."

Mutanen motar suka kwashe da dariya, ni ma na yi. Amma har muka sauka ina tuna takardar digirina da na sa a firam na rataye a bango shekara uku ke nan, da kwanon tuwona da har yau daga ɗakin Inna yake fitowa.

Ban sani ba ko Baffa da ni yake.

Jama'a, ni dai na ga tawa ƙararrawar. Ku fa, wacce kuka rataya?