Kananan

A gidan Kaka Mai Guga akwai wata kalma da ba a jin ta a kowane gida: kananan. Ƙarƙashin matakalar bene kananan ne, duron da babu ruwa kananan ne, har kogon haƙori. Baba, ɗan Kaka, ya taɓa ce wa likita, "Kananan gare ni a turmin hagu," likitan ya sauke tabarau yana kallonsa.

Babbar jikar gidan, wadda ake wa laƙabi da Tambaya saboda ba ta barin tsoho ya huta, ta daɗe da yanke hukunci cewa daga "ƙananan wurare" kalmar ta fito, baki ya cinye ƙugiyar. Da ta gaya wa Kaka, sai tsohuwar ta ci gaba da ninke zani ta ce, "Boko ya yi rana, ƙawata. Miƙo min wancan."

Kaka da wanki da guga ta rayu. Tun tana amfani da dutsen guga na gawayi har aka zo na lantarki, wanda ta ce ba shi da nauyin kirki. Da wannan hannun mai tabon ƙuna ta ciyar da gida bayan rasuwar mijinta. Ba ta da yawan magana, amma tana da wata ɗabi'a: ba ta wuce abu mai murfi ba ta ƙwanƙwasa shi ba. Akwati, kabad, duro, sai ta buga sau biyu da bayan yatsa, ta yi gunaguni, ta wuce. Jikoki suna kwaikwayonta suna dariya. Kowa ya ɗauka tsufa ne, alhali tun Baba yana yaro haka take.

Ranar da abin ya faru, da rana tsaka, yara na wasan ɓuya. Aka gano kowa ban da Tsinke, ƙanwar Tambaya, 'yar siririya mai shiga inda kyanwa ma sai ta yi tunani. Da farko dariya ake yi.

"Tsinke, fito, kin ci! Ke ce sarauniya!"

Shiru. Baba ya fita titi babu takalmi. Tambaya ta leƙa bandaki, ta ɗaga labule, ta shiga maƙwabta.

Sai ta ga Kaka, wadda rabonta da tashi babu sanda an manta, tsaye a tsakar gida, sandar na kwance a ƙasa. Tsohuwar ta nufi duro ta buga. A karo na farko gunagunin ya fito fili, kalma biyu a rabe, da muryar da Tambaya ba ta taɓa ji ba:

"Kana nan?"

Tambaya ta tsaya cak. Ashe ba suna ba ne, tambaya ce. Kuma Tsinke mace ce. "Kina nan" ya kamata a ce. Wa Kaka take kira?

Kaka ta wuce kabad ɗin baranda. "Kana nan?" Ta ja ƙafa zuwa bayan gida, inda aka jingine mataccen firij, tsohon yayi mai kama ƙofa daga waje. Ta buga sau biyu.

Daga ciki aka buga sau ɗaya, a hankali.

Tambaya ta fizgi hannun ƙofar. Tsinke ta zubo mata a jiki, jiƙe sharkaf da gumi, leɓɓanta sun yi fari, tana jan iska kamar mai shan ruwa. Aka yi ta salati, aka yayyafa mata ruwa. Da ta buɗe ido, abin da ta fara cewa shi ne, "Yaya, na ci?"

Kaka ba ta taɓa yarinyar ba. Ta zauna daɓas a ƙasa tana kallon cikin firij ɗin, bakinta na motsi.

Baba ya dawo yana haki. Bayan ya rungume 'yarsa, Tambaya ta ja shi gefe.

"Baba, wane ne 'kana'?"

Baba ya ce, "Yayana ne. Ban san shi ba, kafin a haife ni ne. Akwatin ƙarfe ne na ajiyar kayan mutane, ya shiga ɓuya, maƙallin ya faɗa. Kakarku ta zagaye unguwa tana kiransa, akwatin kuwa na nan gefen teburin gugarta."

"Kuma kuka bari muna dariya?"

"Ita ta hana a faɗa. Ta ce gara ku yi dariya, in dai za ku riƙa ƙwanƙwasawa."

Kafin la'asar Baba ya cire ƙofar firij ɗin. Tambaya ta ɗauko wa Kaka sandarta, ta riƙe ta suka nufi ɗaki. A bakin ƙofa akwai akwatin kayan yara, kuma hannun tsohuwar ya gaji. Tambaya ta sunkuya, ta buga sau biyu, suka tsaya tare suna saurare.