Dogon Numfashin Mujittaba

Shekara tara ke nan da aka tsamo ƙanena Mujittaba daga wurin ninƙaya na wani kulob a Giza. Allah ya jiƙansa. Ruwan da ya ci shi iyakarsa ƙirji.

Karatun Alƙur'ani ya kawo shi Masar, ni kuwa fatauci, muka zauna gida ɗaya a unguwar Hayyus Sabi'. Burinsa ya riƙa jan doguwar aya da numfashi ɗaya, irin na makarantan ƙasar nan. Wani abokinsa ya ce masa masu wasan ƙwallo a ƙarƙashin ruwa sun fi kowa riƙe numfashi. Don karatu ya shiga cikinsu, daga baya wasan ya shiga ransa.

Mai horar da su, wanda suke kira Kaftin, yana da doka biyu. Kada kowa ya nutse shi kaɗai, kada kuma ya yi ta zuƙar iska yana fesarwa da sauri kafin nutso. Mujittaba yana ganin 'yan koyo ake yi wa dokar. A karatu, in numfashi ya ƙare murya ce ke yankewa, sai ka tsaya ka sake ɗauka. Ya zaci haka ruwa yake.

Bayan jana'iza Kaftin ya fahimtar da ni cewa zuƙar nan ba ta ƙara wa jiki abin kirki. Ƙishin iskar da ke koro mutum sama take kashewa, sai ya suma bai ji komai ba, ba ko shure-shure. Da safiyar wata Juma'a Mujittaba ya je ya nutse, wurin ba kowa.

Yau ɗalibanmu na tura wa juna bidiyon gasar riƙe numfashi a waya. Nakan tambayi kaina me Mujittaba zai ce. Zan so in ce zai hana su, amma na san ƙanena, ƙila da shi za a yi.

Bana ɗana Sadiƙu, da ya zama saurayi, ya ce wannan wasa yake so. Mahaifiyarsa ta ce ba da yawunta ba. Na daɗe ina juya maganar, sannan na nemi Kaftin. Ya yi furfura, amma ya gane ni.

"Ma'alish, yi haƙuri Alhaji," ya ce, "ba zan ce maka babu haɗari ba. Amma ba zai nutse ba sai da idon wani a kansa."

Ya kuma shaida mini cewa duk sabon shiga, kafin ya taɓa ruwa, sai ya zaunar da shi ya ba shi labarin Mujittaba. Ya tambaye ni ko ya daina.

Da karatu ƙanena ya so a tuna shi, ba da wannan ba, kuma abin ya yi mini nauyi. Amma waɗanda suka ji labarin suna komawa gida wurin iyayensu. Na ce ya ci gaba. Da mahaifiyar Sadiƙu ta sauko, na kai shi da kaina, na zauna a gefe aka ba shi labarin baffansa.