Lemon da Aka Ɗora wa Kisa

Tun kafin a zuba kwalta a layin, teburin Inna Mai Lemo yake jingine da bangon gidan sinima, ƙarƙashin allon da ake liƙa hotunan 'yan fim. Mijinta ya rasu ya bar mata 'ya'ya mata da 'yar wuƙa mai ƙotar ƙashi, kuma da wuƙar nan ta ci da su har ta aurar. Ferayarta ba irin ta kowa ba ce. Tana juya lemo a hannu, ɓawon ya sauko zare guda bai tsinke ba, ta yanke masa hula ta miƙo maka.

Ba ta taɓa shiga kallo ba. Ta ce mai hankali ba ya biya a kashe masa fitila. Mai sinimar, wani dattijo mai yawan tari, shi ya ba ta wurin, kuma kullum da hantsi yakan fito ya sha lemo a tsaye suna tsiya. Shi ya ce mata Maƙwabciya, ita ta ce masa Mai Duhu.

Fitina ta soma ne da autansa ya karɓi harkar. Ya je karatu ya dawo da tabarau da baki. Ya tono tsofaffin finafinan 'yan fashi, masu malafa da doguwar kwat, in an gama haskawa sai ya tsaya gaban farin allo yana wa mutane wa'azi. Wai 'ya'yan itace a fim ba banza ake ajiye su ba. Tuffa jaraba ce, inabi holewar masu cin haram, shi kuwa lemo, da ka gan shi kan tebur ko ya gangaro a titi, to wani ya kusa sheƙawa lahira.

Abin nema ya samu ga marasa aikin yi. Samari suka laƙaba wa Inna suna Ajali. Wani ya sayi lemo ya jefa a aljihun abokinsa ya ce, "Malam, yi wasiyya."

"Ku ji shashanci," in ji Inna. "Ƙato ya ɗauki bindiga ya harbe ɗan'uwansa, kun bar shi da bindigarsa kun kama lemo? An bar jaki ana dukan taiki. Iyayenku mata da suna laulayin cikinku me suka sha, kananzir?"

Ana haka ciwo ya kwantar da Mai Duhu a asibiti. Inna ta zaɓi lemo masu laushin fata, ta wanke, ta ƙulle a ƙyalle, ta tafi dubiya. A barandar ɗakin, tsakanin bencin 'yan jinya da warin magani, Auta ya tare ƙofa.

"Inna, ke ki shiga. Ƙullin nan dai ya tsaya waje."

"Kai ɗan nan, a gabana ka yi rarrafe. Matsa."

"Na san fim ne, wallahi na sani," in ji Auta. "Amma Baba ne a kwance. Zuciyata ba ta so."

"Kai ka shuka abin a kan yaran mutane, yanzu ya tsiro a naka. Karatun ke nan?"

Ya cire tabarau ya goge ido, ya mayar, fuska ta ɗaure. "In kika shiga da shi, ki nemi wani bangon. Na gaya miki."

Inna ta dubi ƙullin da ke hannunta. Bangon nan shi ne inuwarta, nan masu sayenta suka san ta, kuma tsohuwa ba ta sake kasuwa kamar zane. Har ta sunkuya za ta ajiye ƙullin kan benci, sai ga murya daga ciki, siririya kamar zaren ɗinki.

"Maƙwabciya ce? Shigo mana. Bakina ɗaci kamar na kwana ina tauna ƙwaya."

Ta miƙe ta ture hannun Auta da kafaɗa. Ta zauna bakin gado ta fere, ta ɗaga kan dattijon tana matsa masa a baki kaɗan-kaɗan, ruwan na bin gemunsa. Ya lumshe ido ya ce na yau bai kai na da zaƙi ba, ta ce harshensa ne ya tsufa.

Bai tashi daga ciwon ba. To dama wa ya ce zai tashi? Mutumin da likita ya riga ya kira iyalinsa gefe! Amma ana share makoki Inna ta zo ta tarar an jawo teburinta tsakiyar hanya, an girke injin gugguru a wurin. Wanda bai kai dubiya ba ko sau ɗaya har da shi a masu cewa ai an gargaɗe ta.

Yanzu tana tsallaken titi kusa da mai facin taya, rana na dukanta tun safe, ƙura na sauka kan lemon. Babbar 'yarta ta dame ta da ta je ta ba Auta haƙuri, ko ya mayar da ita.

"Haƙurin me zan ba shi?" in ji Inna. "Mara lafiya ya ce bakinsa ɗaci, in tsaya tambayar fim? Je ki gaya masa ya riƙe bangon, ya jiƙa ya sha. Ke kuma in tausayina kike ji, sayo min lema."