Shanshani a Ɗakin Mai Jego

Feshin ƙwari nake yi a gidajen Filinge. Maganin daga kasuwar Baleyara nake sayo shi. Ban yi lakwal ba, wato boko, ban iya karanta rubutun jikin galan ba, amma na san murfi nawa ake zubawa a tanki.

Wata damina wani tela ya kira ni gidansa. Matarsa ta haihu kwana tara, kuma sun kashe shanshani uku a tsakar gida, kowanne ya fi tafin hannuna tsawo.

Ina shiga na ga dalili. Itacen dafa ruwan wankan jego an jibge shi jikin bangon ɗakinta. Safe da yamma ana zubar da ruwa a wurin, ƙasa ba ta bushewa. Laima da duhu, su shanshani yake so.

Aikin yana da tsari. A fitar da mutane, a fara daga cikin ɗaki, a ƙare a waje. In ka fara daga waje, ciki suke gudu.

Uwar mai jegon ta tare ƙofa.

"Ɗiyata ba ta fita. Ba ta yi arba'in ba."

"Inna, awa biyu kawai. Ta zauna a rumfa."

"Iska ta shige ta, kai za ka yi jinyarta? Takwas na haifa, ba wanda ya zo mini da tanki a baya."

Na dubi tela. Surukarsa ce, ba ya iya ɗaga ido a gabanta.

"Yi wajen kawai, malam," in ji shi.

Na san kuskure ne. Na yi.

Na fesa gindin bango, na fesa itacen. Ba a jima ba suka fara fitowa. Tela ya kashe biyu da takalmi. Na uku, babba, ja, ya bi ta ƙarƙashin ƙofa ya shige.

Na sauke tanki. Na ture hannun tsohuwa na shiga. Tana zagina a baya, ban juya ba.

Ɗakin da duhu, ga zafin garwashi. Mai jego tana zaune bisa tabarma, jariri kwance gefenta cikin zane. Shanshanin ya riga ya hau zanen.

"Kada ki motsa," na ce mata.

In na buge shi a nan, yaron zai ciza. In na ɗauki yaron, hannuna duk guba ne. Shanshanin ya kai ƙirjin yaron, yana neman wuya.

Na sa yatsu biyu na cafke shi. Ya nannaɗe mini babban yatsa ya kafa baki. Kamar an soka mini ƙusa daga wuta. Ban sake shi ba sai da na kai tsakar gida, na jefar, na take.

Tsohuwa ta shiga ta kwance yaron ta duba shi daga kai har tafin ƙafa. Sa'an nan ta lulluɓe ɗiyarta da bargo, ita da kanta ta fito da su rumfa.

"To shiga ka yi aikinka," ta ce. "Me kake jira?"

Da hannun hagu na gama feshin. Ƙarƙashin gado na samu wasu biyu.

Kwana uku hannuna na kumbure har gwiwar hannu. Rana ta biyu tela ya zo da kwanon kunun kanwa, irin na mai jego, ya ce surukarsa ce ta aiko. Ba ta haɗa da saƙo ba. Na shanye.

Tun daga ranar, gidan da aka hana ni ɗaki ɗaya, tankina nake ɗauka in fita.