Sunan da Inna Ta Faɗa a Banki

Haƙƙin da ya rataya a wuyan bankin nan na Gusau ba mai wuyar fahimta ba ne. An damƙa masa amanar kuɗi daga ƙasar waje domin ya zuba su a asusun wata dattijuwa mutuniyar Tsafe, ya kuma miƙa mata ranar da ta zo nema. Dattijuwar mahaifiyata ce, ni ne kuma na aiko da kuɗin. Bankin bai sauke wannan haƙƙi ba, har yau kuma babu wanda ya ba ni dalili a rubuce.

Jim kaɗan bayan canjin kuɗi daga fam zuwa naira, ina arewacin Ingila, ina aiki a wani asibiti, sashen adana takardun marasa lafiya. Kafin in tafi na kai Inna Gusau na buɗe mata asusun ajiya, ta dangwala yatsa a gabana. Da sunanta na buɗe saboda Baba ya riga ya fara fama da ciwon mafitsara, girgizar mota tana wahalar da shi ƙwarai.

Sai fari ya zo, rumbunmu ya wayi gari babu abin sayarwa, ciwon Baba kuma ya tsananta har likita ya ce sai an kai shi Zariya an yi masa aiki. Kawuna, ƙanen Inna, mai noman rake a fadamar Bungudu, ya sa aka rubuto mini. Ranar da wasiƙar ta iso na je bankina na ce a tura duk abin da na tara zuwa asusunta ta waya. Kuɗin sun isa Gusau lafiya; takardar da ke tabbatar da haka tana wurina. Abin da ya biyo baya, daga bakin Kawu na ji mafi yawansa bayan na dawo.

Inna ta hau motar haya ita kaɗai ta tafi Gusau. Akawun da ke kan kanta ya duba littafinta, ya ce kuɗin waje ne, don haka sai mai asusu ta faɗi cikakken sunan wanda ya aiko da bakinta. Ni ɗan farinta ne. A wurinmu uwa ba ta ambatar sunan ɗan fari, kuma tun ranar da aka raɗa mini shi bai taɓa fita daga bakin Inna ba. Wanga yaro take ce mini, ko a gabana ko a bayan idona. Ta amsa wa akawun cewa yaron gidansu ne, wanda ke ƙasar Turawa. Akawun nan ba baƙo ba ne, Hausa ya sha a nono, ya san abin da ya ɗaure mata harshe. Duk da haka ya ɗaga murya.

"To Inna, ke kika haife shi, ko tsintarsa kika yi a kasuwa?"

Wasu a layi suka yi dariya. Ta ja mayafinta ta koma Tsafe, ta gaya wa Baba an ce ta dawo wata rana. Ya dube ta daga kan gado ya gane, domin shi ma bai taɓa kiran sunana ba. Ya ce ta rabu da su, kada ta zubar da kunyarta saboda fitsarin tsoho, har ya yi ɗan murmushi.

Zuwa na biyu tare da Kawu suka je. Kawu ya tsaya ya faɗi sunana da na mahaifina da babbar murya, aka ce ai ba shi ne mai asusu ba. Wata Kirista mai sayar da atamfa a Sabon Gari, wadda ta zo ajiyar cinikinta, ta ce a ba ta takarda ta rubuta sunan, Inna ta dangwala yatsa a ƙarƙashi, tunda yatsan nan banki ya yarda da shi tun farko. Akawun ya ce ita wa ya sa ta a ciki. Suka nemi ganin manaja, aka ce ya tafi Sakkwato, ba a san ranar dawowarsa ba.

Kawu ya koma Bungudu ya sare rakensa tun bai nuna ba, ya sayar a wulaƙance. Abin da ya samu ya ƙare a kan allura da kuɗin mota, bai kai na Zariya ba. Ƙafafun Baba suka kumbura, ya daina cin tuwo, sai kunu.

Da ta ga haka, Inna ta aika Bungudu cewa Kawu ya same ta a Gusau. Ta tsaya gaban kanta, ta juya fuskarta wajen bango, ta faɗi sunana. Akawun ya ce bai ji ba, ta sake faɗa. Sai ya shiga ciki ya daɗe, ya fito ya ce wa'adin ajiye kuɗin waje ya wuce, an mayar da su Ingila tunda ba a zo an karɓa ba. Kawu ya ce bai taɓa jin sha'awar dukan mutum ba sai ranar. Inna ta riƙe hannun rigarsa.

"Mu tai gida. Na dai riga na faɗa."

A can Ingila kuma na ga kuɗina sun dawo asusuna, an cire ladan tura su da ladan mayar da su. Na zaci kuskuren lamba ne, na sake cika takarda. Ban kai ga miƙa ta ba waya ta iso daga Kawu cewa Allah ya yi wa Baba rasuwa. Na sani ajali ba ya jinkiri, ban kuma ce aikin Zariya zai hana abin da aka ƙaddara ba. Amma an hana shi damar gwadawa, kuɗinsa kuwa suna ajiye a Gusau.

Da na dawo, Inna ta daɗe ba ta iya zama inda nake. In na shiga ɗakinta gaisuwa, sai ta tuna da wani aiki a madafa. Na je bankin, na tarar da sabon manaja, ya ce shi bai san wata doka mai kama da wannan ba, akawun kuma an yi masa canjin wurin aiki. Na rubuta sau da dama, amsa ba ta zo ba. Inna ta rasu ba tare da kowa ya ba ta haƙuri ba.

Saboda haka ina roƙon waɗanda takardun wannan banki suke hannunsu a yau, cikin girmamawa, da su binciki al'amarin. Idan akwai dokar da ta wajabta wa mai asusu furta sunan mai aikowa da baki, a nuna mini ita, da wanda ya sa mata hannu. Idan babu, a tabbatar mini da haka a rubuce, tare da neman afuwar mahaifiyata, domin in karanta wa Kawu tun yana raye. Kuɗi kam ba na nema.