Tica Godwin, Ga Abin Da Ka Jawo Mini

Shekara tara ke nan da rasuwar Tica Godwin, kuma bana ce ta farko da na tuna shi gabana yana faɗuwa. Sauran shekarun idan watan ya zagayo dariya nake yi ni kaɗai, har iyali su leƙo su tambaya ko lafiya. Bana kuwa tuwo ma sai an matsa mini nake sa hannu. Na yi wani abu ne saboda shi, ni da ban wuce aji uku na firamare ba, kuma idan abin ya ɓaci ba a kaina zai ƙare ba. A kan jikata Rukayya zai ƙare.

Yaran Gyaɗi-Gyaɗi na yanzu ba su san shi ba. Mutumin kudu ne, Kirista, siriri mai tabarau, yana koyar da Turanci a wata sakandare a nan Tarauni. Haya yake yi a Unguwar Gano, ciki da falo, shi da matarsa da 'ya'yansa, babu inda zai tara ɗalibai. Ni kuma wankin hula nake yi a zauren gidanmu. Wata rana ya kawo mini wata hula da uban wani ɗalibi ya ba shi, wai in wanke. Na juya ta na ce masa hular ba ta da laifi, kan ne bai dace da ita ba. Bai yi fushi ba. Ya ƙare wa zauren kallo, ya ce kan nasa ya ji, amma wannan fili ya yi wa huluna yawa. Daga ranar, da an sallame la'asar sai in tura kayana gefe, a jera benci, masu shirin jarrabawar fita sakandare su cika wurin. Ni ina ce masa Tica, shi yana ce mini Farfesa, kuma duk layin sun san wanne ne sunan gaskiya.

A duk abin da ya koyar a zauren nan darasi ɗaya na riƙe, shi ma don da ni ake yin sa. Ya ce a Turanci akwai jimlar da ake buɗewa da bayanin wani tun kafin a faɗi ko wane ne. A ce yana gudu, ko ya gaji tilis, ko bayan ya gama cin abinci, sai a ɗan dakata, sannan a kawo mai abin. Doka kuwa, in ji shi, duk wanda aka fara ambata bayan dakatawar nan shi ne mai gudun, shi ne mai gajiyar. Yara sai su rubuta cewa yana gudu a kan titin gidan zoo, sai takalmi ya tsinke. Na sa baki na ce ni ban ga aibun wannan magana ba, kowa ya san mutum ne ke gudun. Ya ce da Hausa haka ne, amma mai duba takardar Turanci ba ruwansa da abin da kowa ya sani. A wurinsa takalmin ne ya zura a guje, kuma jan biro zai ɗauko.

Ya faɗa ya sake faɗa, yara ba su riƙe ba. Sai ya lura da yadda ake shiga zaurena. Ba mai faɗowa kai tsaye, sai ya yi sallama daga waje, mu na ciki mu amsa wa murya tun ba mu ga fuska ba. Ran nan ya ce in fita in laɓe bayan ƙofa in yi sallama da wannan murya tawa mai kama da tsohon injin markaɗe. Na yi, yara suka amsa, sai na turo akuyar maƙwabta ciki, ni na tsaya a waje kamar yadda ya kitsa mini. Har wani yaro ya faɗo daga benci don dariya. Tica ya bari suka natsu, sannan ya ce:

"Muryar Farfesa kuka ji, akuya kuka gani. Wanda ya yi sallama shi zai shigo, ba akuyarsa ba, ba takalminsa ba."

Limamin layinmu da ya ji labari ya kira ni ya ce sallama ba abin wasa ba ce. Gaskiyarsa. Muka koma cewa gafara dai masu gida, darasi bai ragu da komai ba. Duk shekara sababbin ɗalibai, duk shekara ina bayan ƙofa. Na turo taya, na turo baro, na taɓa turo agwagwa ta ƙi fita sai da aka tashi daga karatu.

Mutane sun ɗauke shi mai barkwanci. Ni da nake kusa na san matsoraci ne. Idan sakamako ya kusa fitowa sai ya zo ya zauna a cikin hulunan da na shanya, ba karatu ba hira, in miƙa masa ƙosai ya riƙe har ya huce. Ya ce ba abin da yake tsoro kamar uwar yaron da ya faɗi. Akwai wata da ta taɓa zuwa, ba ta zage shi ba, ba ta ce uffan ba, ta tsaya a bakin ƙofa ta dube shi ta juya. Ya ce da mari ta yi masa da ya fi sauƙi. A lokacin ina yi masa dariya, ina cewa ƙato da tabarau yana rawar jiki kan takarda. Yanzu na daina wannan dariyar.

Duk da wannan tsoron, da makarantun bayan gari suka fara yawa, irin waɗanda ake rubuta wa yara amsa a kan allo ranar jarrabawa, bai yarda ya leƙa ba. Sun neme shi ya riƙa rubuta musu amsar Turanci, ya ƙi. Iyaye suka fara janye 'ya'yansu suna kai su can, bencina suka fara zama wayam. Ni da neman tsokana na ce masa ya je mana, ko ya samu ya canza wannan takalmi nasa da ya buɗe baki. Ya cire tabarau ya goge, ya ce:

"Farfesa, yarinyar da ta zama nas da amsar wani, ranar da aka kwantar da kai ita za ta karanta kwalbar maganinka."

Ciwon da ya ɗauke shi bai ja lokaci ba. Da damina ne. 'Yan uwansa suka zo suka tafi da gawar garinsu, ina cikin waɗanda suka kama aka sa a mota, kuma ban taɓa ganin inda aka binne shi ba. Addininsa daban, nawa daban, lamarinsa yana wurin Allah. Abin da zan iya ba da shaida a kai shi ne zaman tare, kuma ban taɓa kama shi da ƙarya ba.

To ga abin da ya faru bana. Rukayya 'yar ɗana Nasiru ce, mai tuƙa adaidaita sahu. Tun tana ƙarama aikin jinya take so. Bara ta zauna jarrabawa ta ci komai, Turanci kaɗai ya kayar da ita, kuma makarantar jinya ba ta karɓar mutum babu shi. Nasiru ya ce zai sake yi mata rajista, amma wannan ce ta ƙarshe, yana da ƙannenta a baya. Idan ba ta ci ba, za ta koma shagon gwaggonta a Ƙauyen Alu ta riƙa awon shinkafa da wake. Don kada a kai ga haka ya samo wata makaranta a bayan gari, irin waccan. Ya zo ya durƙusa ya gaya mini, ba don neman izini ba, don dai kada in ji a bakin wani.

Sai na ji bakina ya ce a'a. Wallahi ban shirya ba. Ni ba waliyyi ba ne, duk wanda ya san ni a layin nan zai gaya muku. Fuskar mutumin nan ce kawai ta faɗo mini yana goge tabarau. Nasiru ya ɗago kai ya ce:

"Baba, 'ya'yan kowa can ake kai su. Idan ta sake faɗuwa, kai za ka ba ta Turancin?"

Sai na yi abin da tsofaffi ke yi idan amsa ta ƙare musu, na ce na hana. Yaron kirki ne, bai ja da ni ba. Ya yi mata rajista a makarantarsu ta da. Har yau yana zuwa gaishe ni kullum da safe, sai dai gaisuwar ta gajarce, ba ya ƙara zama a kan tabarma.

Ita kuwa mai abin sai daga baya na tuna ban tambaye ta ba. Da na kira ta, ta zauna tana wasa da bakin hijabinta, ta ce ita duka biyun tsoro suke ba ta. Can tana tsoron a kama su a riƙe sakamakon kowa, nan tana tsoron kanta. Ta ce tsoho ka yanke hukunci ka gama, yanzu kake neman shawara. Jika ce, tsakaninmu akwai wasa, amma ran nan ba da wasa ta faɗa ba.

Nakan tambayi kaina me Tica zai ce da ya ga yadda ake karatu yanzu. Rukayya ba ta da benci, ba ta da malamin yamma, waya take da ita. Ta karanta mata tambaya, wayar ta zubo bayani da Turancin da ya fi na tambayar tsauri. Ina jin da yana nan sai ya yi musu da wayar nan har cajinta ya ƙare. Makarantun da ya ƙi zuwa kuwa yanzu ba sa ɓuya, a majalisa ake ba da adireshinsu kamar na mai gyaran ƙashi. Ban sani ba ko da zai iya riƙe a'arsa a wannan zamani. Ina so in ce zai iya. Amma shi idan ya ce a'a, sai ya zauna wata da watanni yana koyarwa har muryarsa ta dishe. Ni na ce a'a, sannan na duba jakata na tarar darasi ɗaya ne a ciki.

Shi ɗin na ba ta. Maƙwabta sun daina kiwon akuya, sai na ɗauki bokiti. Na fita bayan ƙofar tsakar gida na ce gafara dai masu gida, ta amsa, na turo bokitin da ƙafa. Na yi mata bayani yadda na iya. Da na zo sakewa sai na rikice, na shigo da kaina rungume da bokitin, ta ce to yanzu wa ya yi sallamar, kai ko shi? Ƙarshenta ita ce ta zaunar da ni ta warware mini dokar tun daga farko, ashe ta san ta, mantawa take yi idan ta ga takarda. Ta yi ta dariya har hawaye ya zubo mata, ina jin daɗi na ce na yi abin kai. Can sai na lura dariyar ta ƙare amma hawayen bai tsaya ba. Na tsaya da bokiti a hannu.

Ranar jarrabawar Turanci na ce sai na raka ta. Nasiru ya ɗauke mu a adaidaitarsa har ƙofar makaranta. Na samu gindin wata darbejiya na zauna cikin iyaye mata, ina jan carbi ina ɓata lissafi. Da aka tashi na hango ta, na tare ta tun kafin ta ƙaraso, na ce ya aka yi, tambayar akuyar ta fito?

"Ko ɗaya, tsoho. Akuyarku ba ta zo ba."

Ta ce an ba su dogon rubutu da wani labari mai wuya a amsa tambayoyi a kansa. Ta yi iya yinta, amma lokaci ya cim mata kafin ta gama na ƙarshe. Ta faɗa ne a hankali, don kada babanta ya ji daga inda ya faka.

Yanzu sakamako muke jira. Idan na ji wayar wani ta yi ƙara a tsakar gida sai in miƙe in leƙa. Ran nan matar Nasiru ta kawo mini abinci, ta ajiye, ta ɗan tsaya a bakin ƙofa tana dubana, ta fita. Abincin nan ban iya ci ba.

Idan na auna abin da ya saura na Tica Godwin, ba shi da yawa a ido. Zauren na ba wa wani yaro haya yana cajin waya, bencinan an daɗe da yin itacen girki da su. Ɗalibansa suna nan warwatse, wasu a asibiti, wasu a kasuwa, wani lokaci wani ƙato mai gemu zai tsayar da mota ya ce mini Farfesa, ina agwagwa. Ni kuwa bai bar mini Turanci ba, ko gaisuwa ban iya da shi ba. Taurin kansa ya bar mini, da tsoron da yake biyo bayan taurin kan, bai haɗa mini da ilimin da yake tsaya masa ba.

Shekaranjiya bayan gaisuwa Nasiru ya tsaya a tsaye ya tambaye ni, da za a koma baya, zan sake hanawa? Na ce zan sake. Na dai gaya masa abu ɗaya, kuma ina so masu karatu su zama shaida. Idan yarinyar nan ta ci, aikinta ne da taimakon Allah, kada wanda ya zo ya yi mini barka. Idan kuwa ta faɗi, ba ubanta ne zai kai ta Ƙauyen Alu ba. Ni zan ɗauki jakarta in taka da ita har bakin shagon, in gaya wa gwaggonta a gaban masu sayen shinkafa cewa ni na jawo.