Teburin Kawu a Bakin Tasha

Ƙamshin balangu a tashar Kabo ne ya tuna mini da kawuna, mahauci. A shekarun tsuke bakin aljihu, ana shirin rage mu a gidan rediyo, shi kuma ya ɗauke teburinsa daga layin mahauta zuwa bakin tasha. Abokan sana'arsa suka biyo shi da gora, suka fasa masa baki a gabana.

Ya tofar da haƙori biyu da gudajin jini, ya ce, "Na riga su gano inda masu saye suke ne. Kai ma, ɗana, tsaya inda babu kowa."

Da na koma gidan rediyo, na karɓi shirin manoma da kowa ke gudu. Ranar sallamar ma'aikata, aka rasa mai maye gurbina.

Allah Ya haskaka kabarinsa, Ya yafe wa masu gorar nan.